Hular Baba Dung

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da muka yi wa Baba Dung wasan ban kwana a filin makarantarmu. Kai, ko na ce zan manta ma ba za a bar ni ba, domin har yau akwai ɗaliban da ba su san sunana na gaskiya ba. Malam Gwate suka shigo suka ji ana kirana, da shi kuma suke gaishe ni, cikin ladabi har da rusunawa.

Ni malamin fiziks ne a wata sakandare da ke kan hanyar Naraguta, nan cikin Jos. Kafin wannan rana Farfesa ake ce mini a ofishin malamai, ni kuma in amsa da fara'a (sai daga baya na gane ashe ba yabo ba ne). Ina da wani hali da matata Hadiza ta daɗe tana yi mini tsiya a kai: da zarar na kalli abu sau biyu a waya, to a wurina na gama iya shi. Haka na iya gyaran janareta. Haka na iya kiwon kifi a bayan gida. Don Allah kada ka tambaye ni labarin kifayen nan.

Baba Dung shi ne malamin wasanninmu, ya fi shekara talatin yana aikin. Gajeren mutum ne mai ciwon gwiwa, tabaraunsa a ɗaure da zare ta baya, kansa kuma ba ya rabuwa da wata koriyar hular hana-sallah da rana ta cinye launinta. Ƙwallon ƙafa yana koyarwa, guje-guje yana koyarwa, amma ransa yana wurin kurket. Mahaifinsa ne ke gyara wa Turawan kuza filin wasansu tun zamanin da, a can Baba ya taso yana kallo, a can kuma ya gaji wani tsohon bat da yake shafa wa mai yana naɗewa cikin tawul, ba ya fito da shi sai babbar rana.

Ga wanda bai san wasan ba, abin ba shi da wuyar faɗa. Mutum ɗaya yana jifa, ɗaya yana tsaye da bat, wato faffaɗan katakon bugu, yana kare wasu sanduna uku da aka kafa a bayansa. Idan ƙwallo ta doki sandunan, ka fita. Idan ka bar layinka ka yi gaba, mai tsaron bayanka ya cafke ƙwallon ya taɓa sandunan da ita kafin ka dawo, nan ma ka fita. Idan kuwa ka narka mata bugu ta tsallake iyakar fili ba ta taɓa ƙasa ba, ka ci maki shida, a yi maka tafi. Sauran mutane sun bazu cikin fili suna jiran ka yi kuskure. Faɗar ke nan. Yin kuwa, ƙwallon nan takan iso gabanka kafin ka gama ƙifta ido, don haka dole ka san inda za ta tun ba ta bar hannun mai jifa ba.

Da lokacin ritayar Baba ya matso, shugaban makaranta ya faɗa a taron malamai cewa Baban ne da kansa zai zaɓi wanda zai riƙe ƙungiyar kurket bayansa, kuma za a sanar ranar Litinin da ke bin wasan ban kwana. Kowa ya waiwaya ya dubi Madam Ladi, malamar aikin gona, wadda tun tana 'yar aji ɗaya a wannan makaranta Baba ya koya mata wasan. Ni ne na ɗaga hannu na ce a sa sunana.

Zan faɗi gaskiya tunda yanzu abin ya wuce. Na so muƙamin nan sosai. Na so in riƙa tafiya da yara gasa Kaduna da Abuja, a riƙa kiran sunana a taron safe, na kuma so bat ɗin nan, don kowa ya san wanda aka ba ƙungiya shi za a ba bat. Tun ba a je ko'ina ba na gaya wa Hadiza an kusa ba ni, ita kuma ta gaya wa mahaifiyarta, kafin sati ya zagayo ana yi mini barka a majalisarmu ta Laranto. Ga shi ni ban taɓa tsayawa gaban mai jifa na gaske ba. Amma na kalli bidiyo ya fi hamsin, na kuma san lissafin gudun abu a iska, to me ya rage?

Dabarar da na yi ita ce, na ce zan nuna wa Baba da kowa cewa ilimi ya fi tsufa a fili. Za a buga wasan ne tsakanin malamai da tsofaffin ɗalibai, Baba kuma shi zai jagoranci tsofaffin ɗalibansa, har ya yi jifa. Idan na buga jifarsa ta tsallake shinge a gaban jama'a, wa zai ƙara kawo zancen Madam Ladi? Sai na sayi sabon littafi mai bango ja. Sati uku cur, kullum bayan an tashi, ina zaune ƙarƙashin mangwaron bakin fili ina rubuta duk jifar da Baba ya yi wa yara a atisaye. Na yi layi-layi da rula, na zana kibiyoyi, har da jan biro da shuɗi.

A sati na biyu na gano abin da na ɗauka babu wanda ya taɓa ganowa a duniya. Duk sanda Baba ya taɓa bakin hularsa kafin ya taho, to jifar da za ta biyo baya mai laushi ce: takan tashi sama a hankali, ta sauka daidai gaban mai bugu, ba ta karkata ko'ina. Na ƙirga, sau arba'in da ɗaya ya taɓa hula, sau arba'in da ɗaya haka ta faru. Na ja layi biyu a ƙarƙashi na rubuta da manyan baƙaƙe, SIRRIN HULA. Ranar ko abincin kirki ban ci ba don murna.

Ana saura kwana biyu Madam Ladi ta same ni a ofishin malamai ina gyara zane-zanena. Ta ajiye kwandon tumatir ɗin gonar makaranta, ta ɗan leƙa littafin.

“Farfesa, sannu da aiki. Ka zo mu yi atisaye ko sau ɗaya mana, in jefa maka ka ji yadda take zuwa.”

Na rufe littafin da sauri kamar ta kama ni da satar amsa. Na ce, “Madam, na gode. Ni nawa atisayen a nan yake.” Na nuna kaina da biro.

Ta dube ni, ta dubi biron, ta ce, “To, Allah ya kai mu Asabar.” Ta ɗauki tumatirinta ta fita. (Yanzu idan na tuna wannan biron da na ɗora a goshi, sai in ji kamar in nutse.)

Ranar Asabar aka wayi gari da ruwa, irin ruwan Jos mai zuwa da sanyi, bai ɗauke ba sai wajen ƙarfe tara. Aka shimfiɗa doguwar tabarmar igiya da ake jifa a kanta bisa siminti, tana ɗan danshi. Ni ban ko dube ta ba. Jama'a sun cika, tsofaffin ɗalibai wasu da furfura, fastocin unguwa, limamin makaranta, iyayen yara. Hadiza ta zo da mahaifiyarta, wato surukata, aka ba su kujera a layin gaba. Ta wajen mangwaro kuwa, inda filinmu ya fi ƙunci, Mama Kaneng mai girkin makaranta ta ɗora wata ƙatuwar tukunyar gwaten acca a kan murhu, ƙamshin yakuwa da manja ya cika ko'ina, don da shi za a ciyar da baƙi bayan wasa.

Mu malamai muka fara bugu. Kafin layi ya zo kaina na tafi wurin Baba, na same shi yana warware tawul daga jikin bat ɗinsa. Ban san abin da ya hau kaina ba, na ce, “Baba, ara mini shi mana, in fara sabawa da shi tun yanzu.”

Baba ya dube ni ta saman tabarau, ya yi murmushi, ya miƙo mini da hannu biyu.

“No wahala, Oga Farfesa. Ka riƙe shi da kyau. Ya fi ka shekara.”

Na sa sababbin safar hannu da na saya jiya-jiya, masu santsi, ko wanke su ban yi ba. Da aka kira ni na bi ta gaban manyan baƙi da gangan, na tsaya na ce wa shugaban makaranta, da ƙarfi yadda surukata za ta ji, “Ranka ya daɗe, a sa wani ya tsaya bakin kududdufin kuza na bayan shinge, don can za a tsamo ƙwallo.” Aka yi dariya, aka yi tafi. Na ɗauka tafin yarda ne.

Baba ya karɓi ƙwallo. Jifar farko ta wuce ni ban ma ga ta inda ta bi ba, sai ƙarar faɗawarta hannun Madam Ladi na ji, don ita ce mai tsaron baya, ta shiga ɓangaren tsofaffin ɗalibai tunda ita ma a nan ta yi karatu. Ta biyu ta doke ni a cinya. Ban damu ba. Ai bai taɓa hula ba tukuna, na ce a raina, duk wannan share fage ne.

Daga nan Baba ya tsaya ya fara yi wa mutanensa nuni da hannu. Na ga ana ta motsi a gefen idona, amma ban waiwaya ba, kada in ɗauke ido daga hular. Madam Ladi kuma, wadda ɗazu take tsaye can baya, ta matso har ina jin numfashinta a bayan sandunan. Ta yi magana ƙasa-ƙasa.

“Farfesa, ka ɗan dubi fili kafin ya taho.”

Na ce, “Madam, na san irin wannan. So kike ki raba mini hankali.”

“To, shi ke nan.”

Sai Baba ya ɗaga hannu a hankali ya taɓa bakin hularsa.

Wallahi zuciyata har tsalle ta yi. Arba'in da ɗaya cikin arba'in da ɗaya! Ban jira ya saki ƙwallon ba. Na baro layina na yi gaba taku uku manya, ina kabbara a zuci, na ɗaga bat har bayan wuyana, na kawo bugu da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Ƙwallon kuwa ba ta tashi sama ba, ba ta zo inda nake jiranta ba. Ta sauka can gefe a kan danshin tabarma, ta murɗe ta yi waje, ta wuce ni kamar ba ta san ni ba. Iska na doka. Ƙarfin bugun ya juya ni, ƙafata ta zame, na zauna daɓas a tsakiyar tabarma. Sai da na zauna na lura hannuna babu komai.

Na ɗaga kai. Ga bat ɗin Baba Dung can sama yana juyawa, kowa ya bi shi da kallo, ya nufi mangwaro. Mama Kaneng ta buɗe tukunya ke nan tana juya gwate da muciya. Allah ya taimake ni ta hango shi ta yi baya. Ya faɗa cikin tukunyar tsamo-tsamo, kai ƙasa ƙota sama, gwate ya fantsama har kan takalmin wani fasto.

Filin ya yi shiru. A cikin shirun nan na ji muryar Madam Ladi a bayana. Tana riƙe da ƙwallon kusa da sandunan, ba ta taɓa su ba tukuna.

“Farfesa, za ka dawo layinka, ko in sallame ka?”

Ban iya tashi ba. Ta taɓa sandunan a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar mara lafiya. Alƙalin wasa ya ɗaga yatsa, ɗaya hannun yana riƙe da cikinsa. Sannan dariya ta ɓarke, irin wadda mutane ke dukan cinya suna share hawaye. Mama Kaneng ta ɗaga muciya tana ihu, “Wane ne ya sa mini katako a abinci? Abeg, ku zo ku cire kayanku!” Na saci kallon layin gaba. Hadiza ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Surukata ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ta juya tana tambayar na kusa da ita, da gaske take, “To maki nawa ke nan ya ci?”

Tafiyar da na yi daga tabarmar nan zuwa benci ba ta fi taku arba'in ba, amma ban taɓa yin doguwar tafiya irinta ba. Abin da ya fi ci mini rai ba dariyar ba ce. Baba ne da na ga ya taka da ciwon gwiwarsa har bakin murhu, ya zaro bat ɗin mahaifinsa da kansa, ya karɓi ruwa a buta ya wanke shi, ya goge da tawul ɗin nan. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da na samu hanya da na gudu gida. Amma motata tana bayan ta shugaban makaranta, don haka dole na zauna na kalli sauran wasan. Na gode wa Allah da ya tsare ni a wurin, domin abin da na gani bayan nan ban taɓa ganin irinsa ba.

Da layin bugu ya zo kan tsofaffin ɗalibai, wasa ya yi zafi, suna neman maki goma sha huɗu a jifa shida na ƙarshe. Sai Baba ya fito da bat ɗinsa, har yanzu da jan manja a jiki. Mai jifanmu Malam Sani ne, malamin Turanci, dogo ƙaƙƙarfa, wanda idan ya saki ƙwallo har fito take yi. Na ce a raina yau za a karya tsohon nan.

Baba bai yi sauri ba. Ya tsaya ya dubi fili gaba ɗaya, yana nuna kowane mai tsaro da bat yana motsa baki. Ya duƙa ya danna tabarma da yatsa. Ya ɗaga kai ya dubi hadarin da ya sake haɗowa ta kan duwatsu. Sannan ya gyara tabarau ya tsaya. Jifar farko bai ko yi ƙoƙarin narka mata bugu ba, ya dai karkata fuskar bat ɗin kaɗan, ƙwallon ta zame da gudunta ta bi ta wani gurbi da babu kowa, ta kai iyaka. Maki huɗu. Malam Sani ya fusata, ya koma da baya sosai, ya taho kamar zai tashi sama. Tun bai saki ba na ga Baba ya ja da baya ya gyara tsayuwa. Ƙwallon ta doki tabarma ta taso daidai ƙirjinsa, shi kuwa yana can yana jiranta, ya juya ta ta bayan kafaɗarsa. Wasu huɗun.

Ta uku ce ta sa na miƙe tsaye ban sani ba. Malam Sani ya taho da gudu iri ɗaya, fuska a murtuke, amma ashe ya yi wayo, ya sassauta jifar. Baba ya riga ya fara motsi kamar mai jiran mai zafi. A tsakiyar motsin ya tsaya cak, ya sauke bat ya tare ta a gaban ƙafarsa, ta mutu a wurin. Ya ɗaga kai ya ce, “Good ball, Malam Sani!” Mutumin da ke neman tabarau kafin ya karanta saƙon waya, shi ne ya hango yatsun mai jifa daga wancan nisa, ya canza shawara cikin ƙiftawar ido.

Ta huɗu da ta biyar ya tare su kawai, don gwiwarsa ba ta gudu. Saura jifa ɗaya, saura maki shida, yayyafi ya fara sauka. Baba ya taka gaba taku ɗaya tak, ya ɗaga ta cikin natsuwa, ba ƙarfi ba hayaniya. Ta tashi, ta tsallake shinge, ta faɗa cikin kududdufin kuza. Daidai inda na yi alkawari. Tsofaffin ɗalibai suka ruga suka ɗaga shi sama, wasu na kuka. Ni ma na yi tafi har tafin hannuna ya yi zafi, na manta ni ne abin dariyar ranar. An ci gwaten kuwa tas, har ana cewa bai taɓa yin daɗi haka ba.

Washegari da yamma na je gidansa neman gafara, aka ce ya tafi kasuwar Katako. Na same shi a rumfar wani tsohon kafinta abokinsa, Malam Idi, don zafin tukunya ya sassauta ƙotar bat ɗin. Malam Idi yana jujjuya shi, ya kai hanci ya shinshina, ya ce, “Dung, wannan karon wane irin mai ka shafa masa? Har da daddawa nake ji.”

Na durƙusa na ce, “Baba, ka yafe mini.”

Ya jawo mini benci. “Zauna, Oga Farfesa. Bari in tambaye ka. Lokacin da na taɓa hula, mutum nawa ne a bakin shinge?”

Na ce ban sani ba.

“Ba kowa. Na kira su duka ciki, na buɗe maka hanya. Mai jifa yana buɗe maka hanya don yana sonka? Ladi fa, ina ya tsaya?” (Baba kowa “ya” ne a bakinsa, mace ko namiji.)

“Ta matso kusa.”

“Don me ya matso? Don ya san za ka fita daga layi. Tabarma fa, bushe ne ko jiƙe?”

Na ce ban duba ba.

“To hula na, wane kala ne?”

Na ce, “Kore, da ɗan rami a gefen hagu, zaren bakin ya fara warwarewa.”

Malam Idi ya ajiye guduma ya yi dariya har da tari. Baba ya jira ya gama, sannan ya ce, “Hulan nan na 'yan aji ɗaya ne. Yara suna tsoron bal. Sai na ce musu, idan na taɓa hula, mai sauƙi yana zuwa, ku buga kada ku ji tsoro. Kowane yaro a makaranta ya sani. Kai ne kawai ka same shi kamar sirri.”

Sati uku ina leƙen abin da da na tambayi kowace yarinya 'yar aji ɗaya za ta gaya mini kyauta.

Ya ci gaba, “Na gan ka a ƙarƙashin mangwaro tun ran farko. Na ce wa Ladi, Farfesa yana rubuta hula. Ka ga, fili yana gaya maka abin da mai jifa yake so ya yi. Ruwa, maki da ya rage, fushi na mutum, inda ya sa mutanensa. Amma hannu ne yake gaya maka abin da ya yi da gaske. Ko ba ka ga fili ba, da ka jira ka ga hannu na, ba za ka fita ba. Kai ba ka duba fili ba, ba ka duba hannu ba.”

Na tambaye shi yadda ya san Malam Sani zai jefa masa a ƙirji. Ya ce ai duk saurayin da tsoho ya ci wa huɗu a gaban mata, abin da zai yi ke nan. Ta ƙarshen fa? Ya ce ƙwallo ta jiƙe da yayyafi, ba za ta riƙu a yatsu a murɗa ta ba, dole ya jefo ta miƙe. “Amma ban yarda duka ba sai da na ga ya saki,” in ji shi.

Sannan ya miƙo hannu ya ce in ba shi jan littafin, don ya san yana aljihuna. Na ba shi ina jin kunya. Ya daɗe yana buɗawa, yana bin layukan da yatsa. Da ya ɗago, idonsa ya ɗan yi ja.

“Shekara talatin, ba wanda ya zauna sati uku yana kallon aiki na. Ba jifa ɗaya da ka tsallake. Hannunka yana da kyau, Farfesa. A biro.”

Ranar Litinin a taron safe Baba ya kira Madam Ladi ya miƙa mata bat ɗin da hannu biyu, makaranta ta ɗauki tafi. Na yi tafi da zuciya ɗaya, don ko ni aka tambaya a lokacin ita zan zaɓa. Sai kuma ya kira ni, ya ba ni babban littafin rubuta makin wasa, ya ce daga yau ni ne marubucin ƙungiya. Wani daga layin baya ya yi ihu, “Malam Gwate!” Sunan ya zauna daga nan. A majalisar Laranto na ce musu an ba ni ɓangaren da ya fi buƙatar ilimi, ba wanda ya yarda, don labarin tukunya ya riga ni isa.

Yau shekara huɗu ke nan ina zaune ƙarƙashin mangwaron nan da littafi. Ina bin ƙungiya Kaduna da Abuja kamar yadda na yi buri, sai dai a kujerar baya, kusa da jakar kaya. Na ƙara layuka a littafin da babu su a da: inda masu tsaro suka tsaya, ko an yi ruwa, ko mai jifa ya fusata. Baba yakan zo wasu Asabar ɗin ya zauna kusa da ni, ya faɗi abin da zai faru kafin ya faru, ni kuma in rubuta ina girgiza kai. Abin da na koya dai shi ne, idan ka zauna kana karanta mutum, ka tuna shi ma yana da ido, kuma wataƙila ya gama karanta ka tun kana jan layi da rula.

Har yau idan Madam Ladi za ta wuce ta gaban teburina a ofishin malamai, sai ta tsaya, ta dube ni, ta ɗaga hannu a hankali ta taɓa bakin ɗankwalinta. Ni kuwa ko motsi ba na yi daga kujerata.